Kitse a hanta, toshewa a zuciya: a ci gaba da shan maganin kolestarol ko a daina?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 58. Wata huɗu da suka wuce ya samu bugun zuciya, aka buɗe masa jijiyar da ta toshe, aka sa masa 'yar ragar nan ta ƙarfe, aka ɗora shi a kan maganin kolestarol, atorvastatin miligiram 80 kullum. Kafin ya fara, LDL ɗinsa, wato mugun kolestarol mai toshe jijiya, 3.6 ne. Yanzu an yi masa hoton ciki an ce akwai kitse a hantarsa, gwajin jini na sinadaran hanta kuma ya nuna ALT 68, AST 45. A takardar da ke cikin kwalin maganin an rubuta cewa mai ciwon hanta kada ya sha. Yau kwana goma ke nan da ya ajiye shi. Ya yi daidai?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri da kulawar da kake yi masa. Bai yi daidai ba, ko da yake tsoron da ya ji ba abin zargi ba ne, domin abin da ya karanta a rubuce yake. In dai idonsa bai yi ɗorawa ba, fitsarinsa bai yi duhu ba, cikinsa bai kumbura ba, to kitsen hanta da ALT 68 ba dalilin ajiye wannan magani ba ne. Ku tuntuɓi likitansa yau ko gobe, kada ku jira ranar da aka ba ku ta komawa, domin mutumin da bai cika shekara da bugun zuciya ba yana cikin lokacin da na biyu ya fi saurin biyo baya. Ajiye maganin don kare hanta a irin wannan hali, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Abin da yawancin masu kitsen hanta ba a gaya musu ba shi ne, abin da ya fi kashe su ba hantar ba ce, ciwon zuciya ne da na jijiyoyin jini. Kimanin kashi 30 cikin 100 na manyan duniya suna da kitse a hanta, amma kaɗan ne daga cikinsu hantar ke ƙandarewa har ta gaza. Tushen cutukan biyu ɗaya ne: tumbi, jikin da ya daina jin insulin yadda ya kamata, sukari, hawan jini, da maiƙon da ya yi yawa a jini. Saboda wannan ne ma a 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya wa cutar suna, daga NAFLD zuwa MASLD, don sunan ya nuna cewa daga rikicewar yadda jiki ke sarrafa sukari da kitse take tasowa. Ke nan idan aka ga kitse a hantar mai ciwon zuciya, ƙarin hujja aka samu ta riƙe maganin kolestarol.

Me ya sa takardar kwali ta ce haka?

Magungunan nan da sunayensu ke ƙarewa da statin a cikin hanta suke aiki. Hanta na cikin manyan wuraren da ke ƙera kolestarol na jiki, ta hanyar wani sinadari mai suna HMG-CoA reductase. Statin yana daƙile shi. Da hanta ta ga kolestarol ɗinta ya ragu, sai ta ƙara yawan maƙamai a bayan ƙwayoyinta, waɗanda ke cafko LDL daga cikin jini. Haka LDL ke sauka. Mutane da yawa idan suka ji wannan sai su ce ashe maganin tara wa hanta kitse yake yi. Ba haka ba ne. Kitsen da ake gani a hoton hanta galibinsa wani nau'i ne daban da ake kira tiragilisarayid, wanda ke taruwa daga rarar sukari da abinci. Kolestarol ɗin da hanta ta janyo kuwa, tana amfani da wani, ta fitar da wani ta ruwan madaciya.

Lokacin da aka amince da na farkonsu, lovastatin, a Amurka a 1987, an ga yana ɗan ɗaga ALT a wasu mutane, sai aka yi taka-tsantsan: aka rubuta gargaɗi, aka ce a riƙa gwajin hanta a kai a kai. Bayan shekaru ashirin da biyar da miliyoyin masu sha, a 2012 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta janye sharaɗin gwajin hanta na lokaci-lokaci. Dalilinta shi ne mummunar illar hanta daga statin ba kasafai ake ganinta ba, kuma yawan gwaji ba ya hango ta kafin ta zo. Ta bar gwaji ɗaya kafin a fara, sai kuma idan alama ta bayyana. Kalmar da ta rage a takardar kwali tana nufin ciwon hanta mai ci a yanzu, kamar sabon kumburin hanta mai tsanani ko hantar da ta gaza. Ba ta nufin kitsen da aka tarar a hoto.

Akwai bincike da ya taɓa irin halin Baba kai tsaye. A ƙasar Girka an bi masu ciwon jijiyoyin zuciya su 1,600 a wani bincike mai suna GREACE. A 2010 aka wallafa a mujallar Lancet abin da ya faru da 437 daga cikinsu, waɗanda gwajin hantarsu ya ɗan hau tun farko, kuma ana kyautata zaton kitse ne sanadi. Waɗanda suka sha statin, akasari atorvastatin, gwajin hantarsu ya gyaru, waɗanda ba su sha ba kuwa nasu ya ci gaba da hawa. Matsalolin zuciya kuma sun ragu da kashi 68 cikin 100 a masu shan, ragin da ya fi wanda aka gani a masu lafiyayyar hanta. Bincike ne na waiwaye a kan rukuni ƙarami, don haka ba a ɗaukar adadin a matsayin ƙa'ida, amma alkiblarsa ta yi daidai da abin da aka ci gaba da gani bayansa. Ƙungiyoyin likitocin hanta na Amurka da na Turai duk matsayinsu ɗaya a yau: mai kitsen hanta da ke buƙatar statin a ba shi.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili: statin ba maganin kitsen hanta ba ne. Binciken bin diddigi ya nuna masu shansa suna da ƙarancin ƙandarewar hanta da kansar hanta, amma wannan bai kai a rubuta wa mutum shi don hanta kaɗai ba. Don zuciya ake ba da shi, hanta kuma tana jure masa.

Tambayar da ta fi muhimmanci: akwai tabo ko babu?

Hoton ciki na yau da kullum kitse yake gani, ba ya auna tabo. ALT ma ba ya faɗin zurfin ɓarna, domin akwai mai ALT 30 da hantarsa ta ƙandare, akwai mai ALT 90 da ba shi da tabo ko kaɗan. Abin da ke yanke makomar hanta, kuma ya yanke ko za a taɓa adadin maganin, shi ne yawan tabon. Matakin farko na gano shi lissafi ne da ake kira FIB-4, kuma ba ya buƙatar komai sai sakamakon da yawanci yana hannu: shekaru, AST, ALT, da yawan filatilet, wato ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ake gani a takardar cikakken ƙidayar jini.

Ana ninka shekaru da AST, sannan a raba da abin da aka samu daga ninka filatilet da tushen murabba'in ALT. Ba ka kawo adadin filatilet na Baba ba, to mu ƙaddara 230 ne. Shekara 58 sau 45 ya ba da 2,610. Tushen 68 kimanin 8.25 ne, sau 230 ya kama kusan 1,897. Idan aka raba sai a samu 1.38. Ƙasa da 1.3 yana nufin da wuya a samu tabo mai zurfi, sai a maimaita bayan shekara ɗaya zuwa uku gwargwadon ko akwai ciwon sukari. Sama da 2.67 sai a tura wa likitan hanta. Tsakanin biyun, inda wannan misali ya faɗa, ana buƙatar mataki na biyu, wato auna taurin hanta da na'ura irin FibroScan. A ma'aunin na'urar, ƙasa da kilofaskal 8 hankali ya kwanta, sama da 12 ana zargin tabo mai zurfi. Ga wanda ya kai shekara 65 ana ɗaga iyakar ƙasa ta FIB-4 zuwa 2.0, saboda shekaru kaɗai suna kumbura lissafin. Kuma ba a yin wannan lissafi a kwanakin da mutum ke kwance da bugun zuciya, domin tsokar zuciyar da ta ji rauni tana zubo AST cikin jini, sai amsar ta fito da ƙari.

Ko da an tarar hanta ta ƙandare, magana ba ta ƙare ba. Idan har yanzu tana aikinta, babu ciwon shawara, babu ruwa a ciki, babu aman jini, babu ruɗewar hankali, wato ajin da likitoci ke kira Child-Pugh A, ana ba da statin, a fara da matsakaicin adadi a sa ido. Inda lamarin ke canzawa shi ne hantar da ta fara gazawa. A nan hanta ba ta iya kwashe maganin daga jini, sai ya taru, kuma abin da ya fi cutuwa ba hantar ba ce, tsoka ce. A wani gwaji da aka yi a Turai kan masu irin wannan hanta, simvastatin miligiram 40 ya jawo narkewar tsoka a wasu, miligiram 20 kuwa bai jawo ba. Shi ya sa a ajin Child-Pugh B da C, wato hantar da ta fara gazawa, idan an ga dole a bayar, adadin ƙarami ne kuma a hannun likitan hanta, wanda bilirubin ɗinsa, wato sinadarin da ke sa ido ɗorawa, ya yi sama sosai kuwa akan ƙyale shi.

Yadda ake karanta ALT idan ana shan maganin

Ma'aunin da ake bi shi ne ninki uku na iyakar sama da ɗakin gwaji ya rubuta. Idan iyakar 40 ce, layin yana kan 120. ALT 68 bai ma kai ninki biyu ba. Ƙasa da layin ana farawa, ana ci gaba, ba a rage komai. Hukumar NICE ta Birtaniya ta faɗi haka ƙarara, cewa kada a hana mutum statin don gwajin hantarsa ya hau matuƙar bai kai ninki uku ba. Ga mai kitsen hanta tsari mai kyau shi ne a auna kafin farawa, a sake bayan mako 8 zuwa 12, a sake a cikar shekara, daga nan sai bibiyar da hantar kanta ke buƙata. ALT na mai kitsen hanta yana hawa yana sauka da kansa, ko ana shan magani ko ba a sha, don haka tashi daga 68 zuwa 80 ba labari ba ne.

Idan ya haura ninki uku kuma mutum garau yake, ana maimaita gwajin cikin makonni kaɗan, a rage adadin ko a dakata na ɗan lokaci, a nemi wani dalili. Wannan na faruwa ga mutum ɗaya zuwa uku cikin ɗari, ya fi yawa a adadi mai ƙarfi irin miligiram 80, kuma yakan sauka. Bayan ya sauka ana komawa da ƙaramin adadi ko a canza zuwa wani statin. Abin da ke sa a tsaya cak a je asibiti a ranar shi ne ALT ya haura ninki uku tare da bilirubin da ya ninka biyu, ko idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari, ƙaiƙayi ya game jiki, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama tare da tashin zuciya da kasala mai nauyi.

A nan ne ake yawan zaluntar statin, a ɗora masa laifin wani. Mai ciwon zuciya yana da hanyoyi da dama da gwajin hantarsa zai hau. Idan zuciya ta yi rauni, jini yana komawa baya ya cunkushe hanta. Amiodarone, da ake bayarwa don daidaita harbawar zuciya, yana cutar da hanta kuma yana tara mata kitse. Haka methotrexate da tamoxifen. Akwai ƙwayar cutar hanta nau'in B da C, waɗanda kan zauna shekaru shiru, kuma duk wanda ALT ɗinsa ya hau ya kamata a gwada shi a kansu sau ɗaya kafin a ce kitse ne kaɗai. Akwai giya, wadda sai an tambaya cikin sirri da mutunci ake jin gaskiyarta. Akwai kuma haɗe-haɗen ganye da ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan wankin hanta ko rage ƙiba, waɗanda ba su da wani amfani da aka tabbatar, wasunsu kuma, kamar tataccen koren shayi mai ƙarfi, an san suna kumbura hanta. Har aikin ƙarfi da mutum ya yi kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji yana ɗaga AST daga tsoka.

Wane magani, nawa, kuma ina aka dosa

Ga wanda ya taɓa bugun zuciya ana son statin mai ƙarfi, wato atorvastatin miligiram 40 zuwa 80, ko rosuvastatin 20 zuwa 40. Waɗannan suna rage LDL da rabi ko fiye. Matsakaitan adadi, kamar atorvastatin 10 zuwa 20, rosuvastatin 5 zuwa 10, simvastatin 20 zuwa 40, suna ragewa da kashi 30 zuwa 49. Amfanin yana bin zurfin saukar: manyan gwaje-gwajen da aka tattara sun nuna duk ragin milimol 1 na LDL yana rage haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu da kimanin kashi 22 cikin 100. Ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 ta ce mai irin wannan haɗari a kai LDL ɗinsa ƙasa da milimol 1.4, kuma ya sauka da aƙalla rabi. Idan ɗakin gwajinku da miligiram yake rubutawa, 1.4 daidai yake da 55, 1.8 kuma 70.

Mu ɗauki na Baba. Ya fara da 3.6. Atorvastatin 80 zai kai shi wajen 1.8. Saura tazara. Abin da ake ƙarawa a nan shi ne ezetimibe miligiram 10 sau ɗaya a rana, wanda ke hana hanji tsotsar kolestarol, kuma yana ƙara ragin kimanin kashi 20. Daga 1.8 zai kai shi bakin 1.4. Akwai wani lissafi da ke da amfani sosai ga masu hanta: ninka adadin statin sau biyu yana ƙara ragin LDL da kimanin kashi 6 ne kawai. Ma'ana, idan miligiram 80 ya ɗaga ALT sama da layi, saukowa zuwa 40 a haɗa da ezetimibe yana ba da LDL da ya fi na 80 shi kaɗai sauka. Wannan ita ce mafitar da aka fi bi, kuma ta fi ajiye magani gaba ɗaya nesa ba kusa ba. Ezetimibe ba shi da matsala ga kitsen hanta, amma ba a ba wanda hantarsa ta fara gazawa.

Idan biyun ba su kai ba, akwai allurai irin evolocumab da alirocumab, da ake yi a ƙarƙashin fata duk mako biyu, masu rage LDL da kashi 50 zuwa 60, da inclisiran da ake yi sau ɗaya, a sake bayan wata uku, daga nan duk wata shida. Tsada ce babbar matsalarsu. Akwai kuma bempedoic acid miligiram 180 ga wanda tsokarsa ta ƙi statin, sai dai yana iya tayar da ciwon gaɓoɓi na gawut kuma shi ma yakan ɗan ɗaga ALT. Niacin kuwa a bar shi, yana wahalar da hanta kuma bai ƙara wa masu shan statin komai ba.

Atorvastatin da rosuvastatin suna daɗewa a jini, don haka kowane lokaci aka zaɓa ya yi, muddin ba a tsallakewa. Simvastatin ne ake sha da dare. Idan ƙoda ta yi rauni sosai, rosuvastatin ba ya wuce miligiram 10, atorvastatin kuwa ba ya buƙatar gyara.

Haɗuwar magunguna, inda ainihin haɗarin yake

Mafi yawan munanan illolin statin da ake gani ba daga kitsen hanta suke zuwa ba, daga wani magani ne da aka ƙara a kai ba tare da an duba ba. Simvastatin, lovastatin, da atorvastatin duk ta ƙofa ɗaya hanta ke narkar da su, wani sinadari mai suna CYP3A4. Duk abin da ya toshe wannan ƙofa sai statin ya taru a jini ninki-ninki. Waɗanda suka fi yin haka su ne clarithromycin da erythromycin, itraconazole da ketoconazole, magungunan ƙanjamau masu ɗauke da ritonavir ko cobicistat, da ciclosporin. Clarithromycin ya cancanci a ja layi a ƙarƙashinsa, domin yana cikin haɗin da ake bayarwa don kashe ƙwayar cutar gyambon ciki, kuma sau da yawa wanda ya rubuta shi bai san mutum yana shan statin ba. Da simvastatin ba a haɗa su sam, sai a dakatar da statin na kwanakin. Da atorvastatin ana rage adadi sosai ko a dakata. Ruwan lemun garehul mai yawa shi ma yana toshe ƙofar.

Simvastatin ya fi kowanne rigima da magungunan zuciya: ba ya wuce miligiram 20 tare da amlodipine ko amiodarone, ba ya wuce 10 tare da diltiazem ko verapamil, ba ya wuce 40 tare da ticagrelor, wanda masu raga da yawa ke sha. Tun 2011 ma aka hana fara wa sabon mutum miligiram 80 nasa. Gemfibrozil, maganin rage tiragilisarayid, ba a haɗa shi da statin. Idan ana buƙatar ɗan gidansu, fenofibrate ake ɗauka. Mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, a duba masa INR, wato ma'aunin daskarewar jini, bayan an fara ko an canza statin. Idan gwaji ya nuna cutar hanta nau'in C kuma za a fara maganinta, a gaya wa likitan tun farko, domin wasu haɗe-haɗen ba sa tafiya da atorvastatin, wasu kuma suna tilasta a rage rosuvastatin. Sannan ƙwayoyin jar shinkafa mai yisti da ake tallatawa a matsayin madadi na halitta, abin da ke cikinsu lovastatin ne da wani suna, ba tare da tabbacin adadi ba. Wanda ya sha su a kan statin, statin biyu ya sha.

Tsoka da sukari

Ciwon tsoka shi ne ƙorafin da aka fi ji. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da masu shan statin ke ji ba daga maganin yake ba, domin masu shan ƙwayar da ba komai a cikinta ma kusan haka suke ji. Wannan ba ya nufin a ƙaryata mai ciwo. Na statin yana da kama: yana zuwa a makonnin farko ko bayan an ƙara adadi, yana kama ɓangarori biyu lokaci ɗaya, cinyoyi, ƙwabri, kafaɗu, kuma yana lafawa cikin makonni kaɗan da dakatawa. Ana auna CK, wato sinadarin da tsoka ke zubowa cikin jini idan ta ji rauni, a duba ko tayirod, ƙwayar da ke maƙogwaro, ya rage aiki, a duba sabon maganin da aka ƙara. CK da ya haura ninki goma, ko rauni mai tsanani da fitsari mai launin baƙin shayi, na gaggawa ne saboda ƙoda. A lura cewa mutanen da asalinsu Afirka ne da masu aikin ƙarfi CK ɗinsu kan fi na wasu tun asali, shi ya sa auna shi kafin farawa ke hana ruɗani daga baya. Idan ciwon mai sauƙi ne, a huta mako biyu zuwa huɗu bisa shawarar likita, a koma da wani statin ko ƙaramin adadi.

Statin yana ɗan tura sukari sama. A tattararrun gwaje-gwaje, cikin mutum 255 da suka sha shekara huɗu, ɗaya ne ya ƙaru a masu ciwon sukari, kuma galibi wanda dama yana bakin layi ne. Masu kitsen hanta da yawa suna bakin layin, don haka a auna HbA1c, wato gwajin matsakaicin sukarin watannin baya, yanzu, a sake duk shekara. Ba dalilin dainawa ba ne.

Ita hantar fa, me za a yi mata?

Rage nauyi shi ne maganinta na farko, kuma yana da ma'auni. Kashi 3 zuwa 5 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburin, daga kashi 10 sama tabon ma kan ja baya. Ga mai kilo 90, ana maganar kilo 6 zuwa 9 ne, a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Abin sha mai sukari ne ya kamata ya fara fita, giya kuma gaba ɗaya. Tafiya ta minti 150 a mako tana rage kitsen hanta ko sikeli bai motsa ba, amma mai sabon bugun zuciya likitansa ne zai faɗi inda zai fara. Idan akwai ƙiba ko ciwon sukari, a tambayi likita game da semaglutide, maganin ƙiba da sukari, wanda a gwajin da aka wallafa a 2023 ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 20 cikin 100 a masu ƙiba da ciwon zuciya, kuma yana amfanar hanta. Ga masu kumburi da matsakaicin tabo, a watan Maris na 2024 Amurka ta amince da resmetirom. Wanda aka ɗora a kansa, atorvastatin ɗinsa ba ya wuce miligiram 40, rosuvastatin ba ya wuce 20. Idan tiragilisarayid ya haura milimol 5.6, wato miligiram 500, wannan wata magana ce ta daban mai buƙatar nata magani saboda haɗarin kumburin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da insulin.

Idan za ku je wurin likita, ku tafi da kwalayen duk abin da Baba ke sha, har na ganye da na ƙarin kuzari, da takardun gwajin baya don a ga ko ALT ɗin dama haka yake kafin a fara maganin. Ku nemi bilirubin, albumin, filatilet, gwajin cutar hanta nau'in B da C, da HbA1c, a lissafa FIB-4 a gabanku. Ku tabbatar statin kaɗai ya ajiye, domin idan ya haɗa da asfirin ko ɗan'uwansa da ke hana jini daskarewa a kan ragar, wannan ba ya jiran gobe, a kira likita yanzu. Bayan hutun kwana goma ba a buƙatar hawa daki-daki, ana komawa kan adadin da likita ya tsayar kai tsaye. Gwajin LDL kuma kada a yi shi a makon nan, domin zai nuna na mutumin da ba ya shan magani; a bari sai an yi mako 6 zuwa 8 da komawa, a auna shi tare da ALT a zama ɗaya, daga nan a ga ko lokacin ƙara ezetimibe ya yi.